Toots Hibbert da Masu Gadin Al'ada

Idan aka ce rege a ƙasar Hausa, Bob Marley ake nufi. Wanda ya ɗan yi nisa ya ƙara da Lucky Dube, ko Alpha Blondy, ko Majek Fashek. Da wuya ka ji an ambaci Toots Hibbert, alhali shi da ƙungiyarsa ta Maytals ne suka fitar da faifan "Do the Reggay" a 1968, wanda ake lissafawa a matsayin na farko da ya ɗauki sunan wannan kiɗa. Ba nema masa suna ya sa na ɗauko zancensa ba. Mutumin ya rasu tun 2020, kuma bai rasa masu yabo ba. Na kira shi ne shaida a wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a Jamaika da sauran wurare: mawaƙin da ya ɗebo salo daga waje ya zuba a waƙarsa, ya ci amanar al'adarsa ne? Ni dai a ganina masu cewa ya ci sun zuba ido inda ba nan ɓarnar take ba.

An haifi Frederick Nathaniel Hibbert ranar 8 ga Disamba, 1942, a garin May Pen na gundumar Clarendon, kuma shi ne autan gidansu. Iyayensa masu wa'azi ne a cocin Adventist, wato masu kiyaye ranar Asabar, kuma a nan ya fara buɗe baki da waƙa. Uwa da uba duk sun rasu yana yaro. Ya taso ya nufi Kingston, ya sauka a unguwar talakawa ta Trench Town, ya kama aiki a shagon aski. A can ya haɗu da Raleigh Gordon da Jerry Matthias, su uku suka zama Maytals, daidai lokacin da Jamaika ke karɓar 'yancin kai daga Birtaniya a watan Agustan 1962.

Kiɗan da suka tarar yana tashe shi ne ska, kuma duk mai neman tsantsar kiɗan gargajiya wanda hannun baƙo bai taɓa ba, to, ya wuce gaba, ba a nan zai same shi ba. A shekarun 1950 talakan Kingston ba shi da kuɗin shiga otal ya ga makaɗa. Abin da yake da shi shi ne masu lasifika: mutum ya tara manyan akwatunan lasifika, ya kafa su a wani fili da dare, ya dinga juya faifai, ana sayar da abinci da abin sha, ana rawa har asuba. Manyansu su ne Duke Reid, wanda tsohon ɗan sanda ne, da Clement Dodd da ake kira Coxsone, daga baya Prince Buster ya taso. Faifan da suke juyawa kuwa na baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, irin su Fats Domino da Rosco Gordon. Coxsone da kansa aikin gona ya je yi Amurka ya dinga dawowa da faifai. Gasa ta yi zafi har sukan kankare sunan da ke jikin faifan, don kada ɗan leƙen asirin abokin hamayya ya gane waƙar ya je ya sayo. Da ƙarshen shekarun ya zo, kasuwar Amurka ta juya ga wani salon, irin faifan da Kingston ke so ya yi wuya. Dole ta sa masu lasifika suka tara makaɗan gida suka ce a buga musu irinsa.

Ba su buga irinsa ba. Hannunsu ya riga ya saba da mento, kiɗan ƙauyen Jamaika, wasunsu kuma sun ƙware a jazz, da yawa daga masu busa cikinsu a makarantar Alpha ta marayu da kangararrun yara suka koya, hannun 'yan zuhudun Katolika. Sai nauyin bugun ya gusa. Maimakon jita da fiyano su faɗa daidai inda ƙafa ke sauka, sai suke faɗawa a tsakanin taku da taku, a daidai ɗagawar ƙafa, da sauri, kayan busa na biye. Wannan gusawar ita ce ska. Daga yunƙurin kwaikwayo aka fara, aka ƙare da abin da ba wanda ya taɓa ji, har su Amurkawan da aka kwaikwaya.

A kan wannan kiɗa Toots ya ɗora muryar coci. Mawaƙan ska da yawa na lokacin lallausar murya suke nema, irin ta masu waƙar soyayya a rediyon Amurka. Shi kuwa ya shigo da murya mai kaushi, mai gurnani, kamar mai wa'azin da ya kai tsakiyar huɗuba ya manta da takarda. Ya jefa baiti, Raleigh da Jerry su cafe su mayar masa, ya sake jefawa da ƙarfi fiye da na farko. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tsari, don ya san abin da 'yan amshi ke yi wa waƙa. Faifansu na farko-farko a wurin Coxsone, da makaɗan da daga baya suka zama ƙungiyar Skatalites suna yi musu kiɗa, ko sunayen ba su ɓoye asalinsu ba: akwai "Hallelujah", akwai "Six and Seven Books of Moses", wadda a cikinta yake jero sunayen littattafan Tsohon Alkawari, mutane na tiƙar rawa a fili da tsakar dare. Kuma ba cocin Adventist kaɗai ake ji a muryar ba. Jamaika tana da majami'un da ake kira Revival, waɗanda suka bunƙasa bayan babbar farfaɗowar addini ta 1860 zuwa 1861, inda aka cuɗa Kiristanci da abin da bayi suka riƙe daga Afirka: ganguna, tafi, zagaye, numfashi mai ƙarfi har mutum ya fita hayyacinsa. Wanda ya saurari yadda Toots ke sarƙe numfashi yana nanata kalma ɗaya zai ji wannan gidan ma.

Bayan ska da coci, na uku shi ne soul, waƙar baƙaƙen fatar Amurka mai tushe a coci. Toots bai taɓa ɓoye ƙaunarsa ga Ray Charles da Otis Redding ba. A 1976 ya fitar da kundi mai suna "Reggae Got Soul", a 1988 kuma ya tafi birnin Memphis na Amurka takanas ya rera waƙoƙin mutanen can. Turawa masu rubutu kan kiɗa suka laƙaba masa "Otis Redding na Jamaika", su a ganinsu yabo ne. Wannan laƙabi yana ba ni haushi. An haifi Otis a 1941, shekara guda ke tsakaninsu, shi ma a cocin Baptist na garin Macon a jihar Jojiya ya koyi waƙa. Lokacin da Toots ke jero littattafan Musa a sitidiyon Coxsone, Otis bai gama zama Otis ɗin da duniya ta sani ba. Ba ɗa da uba ba ne, 'yan ɗaki ɗaya ne. Kuma zumuncin ya girme su duka: tun farkon shekarun 1780 wani 'yantaccen bawa daga Jojiya, George Liele, ya sauka Kingston ya kafa cocin Baptist a can. Jikokin waɗanda aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma, wasu aka sauke a gonakin rake, wasu a gonakin auduga, sun daɗe suna miƙa wa juna waƙa ta kan teku. Wanda zai kira soul kayan baƙi a Jamaika sai ya fara faɗa mana wane ne baƙon.

Masu gadin al'ada suna da karin maganarsu, zanen aro ba ya rufe katara, kuma ban ce ƙarya suke yi ba. Akwai aron da ke tsayawa a aro. Kingston ta cika da mawaƙan da suka rera waƙoƙin Amurka daidai wa daida, har da lanƙwasa harshe, yau ba mai tuna su sai masu tara tsofaffin faifai. Mu ma mun san wannan ciwo. Tun da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990 ake kuka da waƙoƙin da aka ɗauko karinsu ɗungurungum daga finafinan Indiya, aka cire kalmomi aka cusa na Hausa, hatta karkata wuya da kaɗa ido ba a bari ba. Wannan kukan yana kan hanya. Inda nake rabuwa da masu yin sa shi ne maganin da suke kawowa, wato a toshe kunne, a koma ga abin da kaka ya bari kawai. Gyaɗa daga Kudancin Amurka ta zo mana, amma ban taɓa jin wanda ya kira ƙuli-ƙuli abincin baƙi ba. Abin tambaya shi ne me hannunka ya yi da abin bayan ya iso.

Ga abin da hannun Toots ya yi. John Denver, Ba'amurke farar fata, ya yi waƙar kewar gida a 1971, yana begen tsaunukan West Virginia. Toots ya ɗauke ta, ya cire West Virginia ya sa yammacin Jamaika, ya sauya mata tafiya, ya sa amshi, ta koma waƙar ɗan ƙauyen da birni ya gajiyar, irin dubban da suka baro gundumomi suka cushe a Trench Town, da waɗanda suka haye Landan da Birmingham suna aikin masana'anta cikin sanyi. A "Sweet and Dandy" labarin bikin aure yake bayarwa, na talakawan ƙauye: amarya na kuka a ɗaki, ango ya rikice, dangi na rarrashi, ga tsadar kayan biki. A "Pressure Drop" kuwa gargaɗi yake wa azzalumi cewa abin da ya shuka zai faɗo masa a ka. Salon kukan daga Memphis ne ko daga May Pen, wannan ya dami masu nazari. Damuwar da ke ciki ta mutumin Jamaika ce, da harshensa na titi, ba Ingilishin makaranta ba.

Akwai ƙorafi na biyu, kuma ya fi na farko nauyi a wurina. Muryar da aka horar don bauta, daidai ne a kai ta filin rawa, inda ake shaye-shaye? Ba Toots aka fara yi wa wannan tambaya ba. Da Ray Charles ya ɗauki karin waƙar coci ya yi waƙar mace da shi a 1954, masu wa'azi sun yi masa ca. Sam Cooke, da zai fara waƙar duniya bayan ya yi suna a waƙar coci, sai da ya ɓoye a bayan sunan Dale Cook, kuma muryarsa ta tona shi. A Kano an yi irin wannan gardama ta ɗaya fuskar, lokacin da wasu masu bandiri suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suna yabon Annabi da su, wasu malamai suka ce bai dace ba, wasu suka ce ai an ƙwato karin ne daga wasa aka kai shi ga alheri. Ba ni da hurumin yanke wa masu addini iyakar ibadarsu, kuma mai jin zafin ganin abin da yake girmamawa a bakin mashaya ba wauta yake yi ba. Abin da zan iya cewa game da Toots kaɗai shi ne, bai shiga coci da dare ya sato murya ba. Ita ke gare shi, da ita aka yaye shi. Kuma bai ɗauko karin ya bar koyarwar a baya ba. A 2013, yana tsakiyar wasa a Richmond ta jihar Virginia, wani saurayi ɗan shekara 19 da ya bugu ya jefe shi da kwalbar giya a ka. Raunin ya hana shi hawa dandamali kusan shekara uku, ya bar shi da ciwon kai da mantuwa da tsoron taro. Duk da haka ya rubuta wa alƙali takarda yana roƙon a sassauta wa yaron. Alƙali ya ɗaure shi wata shida. Ban san mutane da yawa cikin masu zargin irin su Toots da wulaƙanta addini da za su iya rubuta wannan takarda ba.

To, ina ɓarnar take? A wurin masu iko da masu kuɗi, kuma tarihin ska ya nuna haka ƙarara.

Da farko masu hannu da shuni na Kingston ƙyamar ska suke yi, kiɗan 'yan tasha ne a wurinsu. Sai wata mawaƙiya 'yar Jamaika, Millie Small, ta yi "My Boy Lollipop" a 1964, faifan ya sayu miliyoyi a Ingila da Amurka, nan take gwamnati ta gano cewa ashe tana da kiɗan ƙasa. A shekarar aka yi babban baje koli na duniya a New York, ministan raya ƙasa na lokacin, Edward Seaga, wanda daga baya ya zama firaminista, ya tura tawaga ta nuna ska. Makaɗan da aka zaɓa su ne na Byron Lee, masu wasa a otal-otal da unguwannin masu kuɗi. Skatalites, waɗanda a hannunsu kiɗan ya ginu, an bar su a gida, kuma abin da aka daɗe ana faɗa shi ne wiwi da alaƙarsu da 'yan Rasta ne suka sa aka ga ba su dace da idon baƙi ba. Abin mamaki, Seaga ba jahilin al'ada ba ne. Ya zauna cikin talakawan yammacin Kingston ya yi nazarin majami'un Revival, ya ma taɓa mallakar kamfanin faifai. Sani bai hana shi zaɓen masu tsabtar riga ba. Haka hukuma take yi wa al'ada duk inda ta ce za ta kare ta: ta ɗauki wadda za ta iya nuna wa baƙi, ta bar masu ita a bakin ƙofa.

Toots ya ɗanɗana hannun hukuma ta fuska biyu cikin shekara guda. A 1966 aka fara gasar waƙa ta bikin 'yancin kai, Maytals suka cinye da "Bam Bam". Kafin shekarar ta fita an kama shi da laifin mallakar wiwi an kai shi gidan yari. Har ya mutu yana cewa ƙulla masa aka yi, don a tare masa hanya daidai lokacin da ƙofar waje ke buɗe masa. Yana ciki ska ya lafa, aka koma salo mai sanyin tafiya da ake kira rocksteady. Da ya fito a 1967 ya koma wurin furodusa Leslie Kong ya yi "54-46", waƙar da ya gina a kan lambar fursuna, ta zama cikin manyan waƙoƙin da Jamaika ta taɓa fitarwa. Ya sake cin gasar ƙasa a 1969 da 1972. Ƙasar da ta ɗaure shi ta ba shi lambar girma ta Order of Jamaica a 2012, kuma da cutar korona ta yi ajalinsa ranar 11 ga Satumba, 2020, a filin gwarazan ƙasa da ke Kingston aka binne shi.

Girma dai an ba shi. Kuɗi fa? Al'adar sitidiyon Kingston a shekarun 1960 ita ce a biya mawaƙi 'yan kuɗi kaɗan a hannu ranar da ya rera, shi ke nan, faifai da duk abin da zai haifa na furodusa ne. Babu takarda, babu lauya, yaro ɗan ƙauye yana murna an ji muryarsa a lasifika. Shi ya sa Maytals suka yi ta ƙaura, daga Coxsone zuwa Prince Buster, zuwa Byron Lee, zuwa Leslie Kong. Jamaika ba ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka tata ba sai 1993, shekara 31 bayan 'yancin kai, lokacin an riga an kwashe zamanin ska da rocksteady da farkon rege gaba ɗaya. A tsakanin nan waƙoƙin sun yi ta yawo. Fim ɗin "The Harder They Come" na 1972 ya kai Maytals idon duniya, kamfanin Island na Chris Blackwell ya ɗauke su, aka sa sunan Toots a gaba, Raleigh da Jerry suka koma inuwa har ƙungiyar ta watse a farkon shekarun 1980. Samarin Ingila farare da baƙaƙe suka farfaɗo da ska a ƙarshen shekarun 1970: The Specials suka rera "Monkey Man" ta Toots, The Clash suka rera "Pressure Drop". Ban ga laifinsu ba, abin da Toots ya yi wa John Denver suka yi masa, kuma sun faɗi mai waƙar. Aro da sunan mai kaya da biyan haƙƙinsa ciniki ne. Ba shi ne abin tsoro ba.

Labarin "Bam Bam" ya ishi misali. A 1982 wata matashiya 'yar Jamaika, Sister Nancy, ta ɗauki amshin waƙar ta gina tata a kai. Tata ta zama cikin waƙoƙin rege da aka fi yankowa ana sakawa a wasu waƙoƙin, har manyan mawaƙan Amurka irin su Kanye West da Jay-Z sun yi amfani da ita. Ita Nancy ta koma aikin banki a New Jersey ta Amurka, ta shafe shekara 32 ba ta ga ko sisi daga waƙar ba, sai a 2014 da aka ji ta a tallan takalmin Reebok ta nemi lauya, sannan aka sasanta aka ba ta rabin haƙƙin. Toots, wanda daga bakinsa amshin ya fara fita a 1966, ya ci lambar Grammy, babbar lambar yabon waƙa ta Amurka, a 2005, an sake ba shi wata a 2021 bayan rasuwarsa, amma har watanninsa na ƙarshe yana kokawa cewa ba a biya shi haƙƙin "Bam Bam" daga masu juya ta ba. Duk tsawon shekarun nan masu gadin al'ada suna can suna muhawara kan ko muryarsa ta cika kama da ta Amurkawa, ba wanda ya tambayi a aljihun wa kuɗin faifan ke sauka.